Baba Barau, Mai Duba Mota a Durƙushe

"Umma, wannan tsohon bai iya tafiya ba ne? Ga shi yana rarrafe a motarmu kamar Ra'uf."

'Yata Rumaisa ce ta yi tambayar, lokacin tana 'yar shekara huɗu, kuma da ƙarfi ta yi ta, duk wanda ke gindin bishiyar sai da ya ji. Ra'uf ƙaninta ne, yana goye a bayana. Tsohon kuwa Baba Barau ne, bakanike a nan Gumel. Ya durƙusa a kujerar bayan motarmu, ya sunkuyar da kai, yana shafa jikin ƙofa da tafin hannu. Na finciko hannun yarinyar ina harararta. Shi kuma ya leƙo ta taga yana dariya.

"Ƙyale ta, 'yata. Amarya, so nake in dawo tsawonki, in ga abin da kike gani."

Rumaisa ta ce, "Ni ba amaryarka ba ce. Haƙoranka ma ba su cika ba."

"Sauran na baro su a gida, kada ki sace min."

Shekara biyu ke nan da wannan ranar. A ƙarshen watan nan Baba Barau zai rufe rumfarsa bayan shekara arba'in da wani abu, ya koma garinsu kusa da Sule Tankarkar. Gwiwoyinsa sun gaji. Ba za a yi masa taro ba, ba wanda zai ba shi takardar yabo. Ni malamar firamare ce, ban san komai a kan inji ba, amma ina da dalilin da ya sa ba zan bari ya tafi shiru ba.

Wanda ke bin hanyar Maigatari da sassafe ya san rumfar, ko da bai san mai ita ba. Fallayen kwano ne 'yan kaɗan a kan sanduna, a gindin wata babbar bishiyar maina, babu allo, babu suna. Bayan sallar asuba yakan iso a kan tsohon kekensa, ya jingine shi, ya share wurin tas, don ya ce noti idan ya faɗa cikin shara ya tafi ke nan. Ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanoni daga babba zuwa ƙarami. Ya sha kokonsa. Daga nan sai ya ciro abu biyu da ba za ka gani a garejin kowa ba: wani matashi na tsumma da yake sawa a ƙarƙashin gwiwa, da ɗaurin karan dawa. Baƙo yakan zaci na hura wuta ne.

Aikinsa na asali inji ne da birki, kamar kowane bakanike, kuma ya iya. Abin da ya raba shi da sauran shi ne, idan ya gama gyaran da aka kawo masa, ba ya miƙa makulli. Sai ya tambayi mai mota, "Su wa ke zama a baya?" In aka ce yara, to an ƙara awa guda, wani lokacin yini.

Motarmu 'yar Kwatano ce. Maigidana ya saye ta bayan shekaru yana ɗaukar mu a babur, ni a baya, yarinya a kan tanki. Ranar da ta shigo layinmu har guɗa maƙwabta suka yi. Ba mu yi mako biyu ba muka fara sanin halinta. Kujerunta baƙar fata ce, in ta yini a rana sai na shimfiɗa zani kafin in zaunar da yaro. Ƙarfen bel ya taɓa ƙona wa Ra'uf cinya, tabon ya fi kwana goma. Cikinta a ƙasa yake ƙwarai, idan muka sauka daga kwalta za mu gidan surukata a wajen Ɗanzomo, muna jin yashi yana gurzar ta kamar a jikinmu. Safaya tana can ƙarƙashin but, in taya ta yi faci sai an sauke komai a bakin hanya, duk mai wucewa ya ga abin da ka sayo. Akwai ramin ajiye kofi har guda biyu, babu wanda gorar ruwanmu take shiga. Waɗannan duk ni suke damu. Shi abu ɗaya ne ya hana shi sakat: ƙararrawar bel. Ranar da Hajiyarsa ta ba mu buhun gero ya ɗora a kujerar gaba, motar ta ɗauka mutum ne ya zauna bai ɗaura bel ba. Tun daga Ɗanzomo har ƙofar gida take kuka.

Washegari ya kai ta wajen Baba Barau a kashe ƙararrawar. Bai daɗe ba sai ga shi ya dawo a ƙafa, ransa a ɓace.

Na ce, "Abban Rumaisa, ina motar?"

"Tana can. Wai in na ɗauko buhu in ɗaura masa bel, shi ma amana ne. Ya ƙi yanke wayar. Kuma wai sai na zo da ke da yara. Ni gareji na kai mota ko asibiti?"

Ban taɓa taka gareji ba a rayuwata. A wurinmu mota ta maza ce, mace shiga take ta zauna, ta sauka inda aka ce. Son ganin ƙwaf ne ya sa na zura hijabi na bi shi. Da haka muka iso gindin mainar, har Rumaisa ta yi tambayar da ta sa na so ƙasa ta tsage.

Da ya gama wasa da ita sai ya juyo gare ni, ba ga mijina ba.

"Maman Rumaisa, wane ɓangare take zama?"

"Bayan direba."

"Zama take yi ko tsayuwa?"

Maigidana ya ce, "Zama take yi, Baba."

Na ce, "Kai gabanka kake kallo. Hawa take yi jikin ƙofa ta durƙusa, tana leƙe."

Baba Barau ya gyaɗa kai kamar wanda ya riga ya san amsar. "Malam Mu'azu, kunna min motar."

Aka kunna. Ya sauke gilashin baya, ya zaro kara uku masu kauri daga ɗaurin nan, ya gitta su a taga. Sannan ya ɗora gwiwarsa a kan madogarar hannu da ke jikin ƙofa, daidai inda madannin gilashi yake kwance. Gilashin ya taso. Na ji ƙaras. Guntayen suka faɗo kusa da ƙafata. Bai ɗaga gwiwar ba, gilashin kuma bai daina turawa ba, muna jin sa yana gurnani a cikin ƙofa. Baba Barau bai ambaci wuya ba. Ko kallon Rumaisa bai yi ba. Ni na kalle ta.

Ya ce, "Wanda ya ƙera ta ya kwantar da madannin a inda gwiwar yaro take sauka, kuma in an danna ƙasa, gilashi sama yake yi. Ba mugu ba ne, bawan Allah. A tunaninsa yara biyu ne a baya, kowa a ɗaure a kujerarsa kamar an kai su aski. Bai san mu ranar suna takwas muke zubawa ba. Bai taɓa zuwa Gumel da bazara ya ga yadda yaro ke neman iska ba."

Maigidana ya ce ai akwai wani madanni a wajen direba mai kulle na baya. Baba Barau ya miƙa hannu ya danna shi sau uku, gilashin bai fasa aiki ba.

"Wannan ya mutu tun kafin ta tsallako ruwa. Ko na tashe shi, ranar da Hajiyarka ta ce zafi take ji za ka buɗe mata, kuma ba za ka tuna ka rufe ba. Ni ma da ni ne ba zan tuna ba."

"To Baba, yau ina da uzuri. In Allah Ya kai mu Asabar sai in dawo da ita."

A nan na ga fuskar tsohon ta canza. Dariyar ta ɗauke gaba ɗaya. Ya zare makullin, ya jefa a aljihun gaban rigarsa.

"Ni ba na cewa a dawo. In uzurin na gaggawa ne, ga kekena nan."

Mutanen da ke zaune a benci suka fashe da dariya, shi bai yi ba. Maigidana ya kalle shi, ya kalle ni, ya nemi wuri ya zauna.

Abin da ya yi ba wani abin mamaki ba ne. Ya yanko ƙarfe daga jikin wani tsohon bokiti, ya goge bakinsa har ya daina yanka, ya lanƙwasa shi kamar 'yar rumfa, ya naɗe da robar tiyub, ya ɗaure da sukurori a saman madannin. Yatsa yana shiga ta ƙasa ya danna, gwiwa ba ta isa. Haka ya yi wa ƙofofin baya biyu da ta gaba inda nake zama. Ya kira ni ya nuna min wani ɗan harshe a gefen ƙofa, wanda sai an buɗe ta ake ganinsa, ya ce in na ɗaga shi yaro ba zai iya buɗewa daga ciki ba. Wata shida ina shiga motar nan ban san da shi ba. Sai la'asar muka bar wurin. Kuma zan faɗi gaskiya, abin ya yi muni. Mota mai sheƙi, ga baƙar roba a jikin ƙofa kamar an ɗaure targaɗe.

Da na fara tambayar mutane don wannan rubutun, na gane ba mu kaɗai ba ne. Malam Nasrullahi, direban bas da ke jigila tsakanin Gumel da Maigatari, ya ba ni nasa labarin a tasha yana dariya. Direbobinmu suna da wata al'ada da duk fasinja ya sani: suna cire hannun murɗa gilashi na kujerun baya, su bar guda ɗaya a wurinsu. Mai son iska sai ya roƙa, a miƙo masa, ya murɗa, ya mayar. Wai fasinja suna lalatawa.

Malam Nasrullahi ya ce, "Gyaran kulocin motata na kai masa, Malama. Ya gyara. Na zo ɗauka na tarar da shi a baya yana laluben ƙofa. Ya ce, Nasuru, ina hannayen? Na zaro na aljihuna na nuna masa. Ya ce, to ranar da motar nan ta kama wuta, mutum goma sha huɗu a aljihunka za su nemi hanya? Ya shiga cikin tarkacensa ya haɗo hannaye, babu biyu masu kama da juna, ya kafe su yadda ko ni ba zan iya cirewa ba. Har yau abokan aiki suna ce min mai kayan gwanjo. Amma mata masu goyo motata suke jira."

Wata abokiyar aikina ta ce ita hijabinta ne yake maƙalewa a ƙarfen da kujera ke tafiya a kai, har sau biyu tana neman kifawa wajen sauka da jariri a hannu. Mijinta ya ce ta riƙa tattarawa. Baba Barau ya kwanta a ƙasa ya goge bakin ƙarfen, ya rufe shi. Minti goma. Irin waɗannan ƙananan abubuwan da mai mota zai yi tsaki ya ce haka aka ƙera ta, su yake bi ɗaya bayan ɗaya. Ya taɓa ce min abin da ke ba babba haushi shi ke ji wa yaro ciwo, don haka in ya ji mace tana ƙorafi a kan mota, yakan ajiye sifana ya saurara.

Mu kuwa muka yi wata takwas lafiya, sai magana ta taso. Abokan maigidana na majalisa suka sa shi a gaba. Wai an sa wa motarsa takunkumi, wai ko cizo take yi. Duk wanda ya rage wa hanya sai ya yi tambaya. Wata Talata ya shigo da sukudireba a hannu.

Na ce, "Wannan fa?"

"Zan cire abin nan. Ya isa haka. Wata takwas ba abin da ya faru."

"Ai shi ya sa ba abin da ya faru."

"Ke ba ke kike shan dariyar ba. Yarinyar nan ta yi wayo, a gaya mata ta daina hawa."

"Na gaya mata ta daina shan ruwan randa da hannu, ta daina? Abban Rumaisa, motarka ce, ka cire. Amma daga ranar, ni da yarana a daidaita sahu za mu riƙa hawa. Kuma in Hajiya ta tambaye ni dalili, zan faɗa mata."

Ba mutumin banza ba ne mijina, kuma yana son 'ya'yansa fiye da ransa. Kunya ce kawai ta maza, wadda mu mata muke raina ƙarfinta. Ya jefa sukudireban a aljihun mota, ya ce bari mu dawo daga Maigatari, ranar Juma'a zai cire, in hau abin da na ga dama. Ranar Laraba gaisuwa kawai ta haɗa mu.

Alhamis muka tafi Maigatari dubiyar gwaggonsa. Ranar kasuwa ce, garin ya cika maƙil, manyan motoci sun jeru, ga dabbobi ana ta shigowa da su daga Nijar. Wajen kasuwar dabbobi ya tsaya zai sayo wa Gwaggo cuku. Saboda zafi ya bar motar a kunne, esi yana aiki, ya ce yanzu zai dawo. Ra'uf ya fara rigima, na rufa da hijabi ina ba shi nono a kujerar gaba. Rumaisa ta yi shiru a baya, ni kuma na ji daɗin shirun.

Iska mai zafi na ji a ƙeyata. Na waiwaya.

Ta zura ɗan yatsanta ta sauke gilashin zuwa rabi. Kanta yana waje, wuyanta a kwance a kan bakin gilashin, gwiwoyinta biyu a kan madogarar hannu, daidai kan rumfar Baba Barau. Tana tsalle-tsalle a kai, tana kiran wasu raƙuma da ke wucewa.

Ban yi ihu ba. Na miƙa hannu ɗaya na kama bayan rigarta, na jawo ta a hankali har ta zauna. Ta fashe da kuka wai na hana ta ganin raƙumi. Na bar ta ta yi kukanta. A ranar babu sautin da ya fi shi daɗi a kunnena.

Maigidana ya dawo da ledarsa. Na fita na buɗe ƙofar baya na nuna masa. Ƙarfen ya lotsa ciki, tsakaninsa da madannin bai fi kaurin farce ba. Ga shatin ƙurar gwiwarta a kan robar. Ya sa yatsa a cikin lotsawar, ya daɗe a haka. Ya zagaya ya kashe motar, ya zare makullin, ya zauna yana kallon sitiyari. Can ya ce, "In mun gaida Gwaggo, mu biya ta wajen Baba."

Ba abin da ya faru a Maigatari ranar nan. Ba a taru ba, ba a kai kowa asibiti ba, masu cinikin raƙuma ko waiwaye ba su yi ba. Wannan ne wahalar yabon mutum irin Baba Barau. Duk aikinsa na abin da bai faru ba ne. Wanda aka ciro daga rijiya ya san wanda ya ciro shi, amma wanda aka rufe rijiyar kafin ya iso wucewa yake yi yana waƙa. Allah ne Ya tsare min 'yata, ban da shakka. Amma Ya tsare ta ne da ƙarfen tsohon bokiti da taurin kan wani tsoho.

Da muka nuna wa Baba Barau, cewa ya yi, "Ya lotsa? Madalla." Ya ɗauko matashinsa ya durƙusa, ya cire, ya sa wani mai kauri. Ya dubi Rumaisa. "Amarya, kin yi nauyi fa. Tuwon wa kike cinyewa?" Maigidana ya fara godiya, Baba Barau ya katse shi. "Bar wannan. Masu yi maka dariyar nan, suna da yara? Turo min su da motocinsu." Uku sun je. Ɗaya har yau yana cewa sai ya samu lokaci.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa fuskarsa ta canza ranar da aka ce masa Asabar. Shi ba ya faɗa. Wata rana na kai masa dambu na tarar da wata mata a zaune a bencinsa, za ta girme ni da kaɗan, suna hira kamar uba da 'ya. Da ta tashi na ga tana ɗingishi. Sunanta Lauratu, daga Gagarawa. Muka jera zuwa bakin titi, ita ta ba ni labarin, kuma ta yarda in rubuta.

Tana 'yar shekara shida mahaifinta ya kawo motarsa rumfar nan, ƙofar baya ba ta kamawa sosai. Suna sauri za su ɗaurin aure. Baba Barau, lokacin da ƙarfinsa, aiki ya yi masa yawa, ya buga ƙofar sau biyu ta kama, ya ce za ta kai ku, ku dawo Asabar. A wata kwana ƙofar ta buɗe. Ita ce a jingine da ita.

Ta ce, "Babanmu har ya rasu bai taɓa ɗora masa laifi ba. Ya ce shi ya matsa a ba shi mota. Baba ne ya ɗora wa kansa. Wata uku ina kwance, duk Juma'a sai ya zo a keke tun daga nan. Ranar aurena shi ya fi kowa kuka. Na sha ce masa, Baba, na yafe, ai ba abin yafewa ma. Sai ya ce shi bai gama ba."

Baba, yanzu da kai nake. Na san ba za ka karanta ba, amma zan zo in karanta maka, ko ka ce in bari. Kai ne ka yi kuskure sau ɗaya, irin wanda kowane bakanike yake yi kullum ya manta, ka ƙi mantawa. Kai ne ka ɗauki shekara kusan talatin kana durƙusa a bayan motocin mutane, ana yi maka dariya, ana cewa kana ɓata lokaci, wasu ma sun daina zuwa wurinka saboda haka. Kai ne ka tambaye ni, ni da ban san bambancin fulogi da noti ba, kuma ka ɗauki amsata da daraja a gaban maza. Gwiwoyin nan da suka kumbura har likita ya ce ka daina, a kan 'ya'yanmu suka ƙare. Baba, ka gama. Akwai yara a Gumel da Maigatari da Ɗanzomo da suke zuwa makaranta yau da ƙafafunsu, ba su san sunanka ba, iyayensu ma wasu ba su sani ba. Ni na sani. Na gode. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa ka huta a gonarka, Ya sa abin da ka yi ya tarye ka ranar da kowa ke neman abin da zai tarye shi.

Matasan makanikanmu sun iya aiki, ban raina su ba. Yanzu har na'ura suke jona wa mota ta faɗa musu inda ke ciwo. Amma na'urar ba ta san wanda ke zama a baya ba. Ina roƙonku, ku je rumfar nan kafin wata ya ƙare, ku zauna da shi ko na yini ɗaya. Ba ya rowar abin da ya sani, masu tambaya ne babu. 'Yan'uwana mata kuma, mu daina cewa mota ba ruwanmu. Mu muka san wanda ke leƙe, da wanda ke wasa da hannun ƙofa, da wanda ke barci a jingine. In kin ga abu ki faɗa, in an yi miki dariya ki sake faɗa.

Kai kuma mai mota, daga wata mai zuwa babu wanda zai ƙwace maka makulli a Gumel. Za a gyara abin da ka ce, a miƙo maka, ka tafi. Don haka kafin ka sake zuba yara a baya, buɗe ƙofar da kanka, ka danna madannin gilashi da tafin hannu ka ga inda yake tafiya. Ka ja kowace ƙofa daga ciki. Kada ka fita ka bar makulli a jiki da yaro a ciki, ko gaisawa kawai za ka yi, ko uwarsa tana nan, don ni ma ina nan. Na gwada gilashin motarmu ina kallon agogo. Daga rabi zuwa rufewa daƙiƙa biyu ne. Ba za su ishe ka ka waiwaya ba.